Sabon gida: abin da magini ke sayarwa da abin da mai saye ke nema

Wanda yake son sanin abin da mai sayen sabon gida ke nema, ya je ya tsaya a ƙofar gidan wata biyu bayan an miƙa mukulli. Zai tarar da tulin yashi a bakin get, birkila na kan tsani yana ƙara wa katanga layi uku ko huɗu na bulo. Motar haƙar rijiyar burtsatse tana ruri a harabar da aka shimfiɗa wa intalok kwanan nan, an ɗage rabinsa an jibge a gefe. A baya kafinta yana kafa rumfar kwano inda za a riƙa girki da gawayi, a gaba kuma an tsaga bango za a fitar da shago ko ɗakin samari. Gidan bai ga damina ko ɗaya ba, amma mai shi ya riga ya kashe kuɗin da za su sayi fili a bayan gari wajen gyara abin da aka ce masa an gama. Wannan fashe-fashen shi ne sahihin bayanin buƙatar mai saye, domin ba wanda yake fasa bangon da ya biya kuɗinsa don nishaɗi.

A Kano da Kaduna da Abuja masu gina gidan sayarwa iri biyu ne. Akwai manyan kamfanoni da gwamnatoci masu gina rukuni guda, gidaje ɗari ko dubu a zubi ɗaya. Akwai kuma ɗan kasuwa mai matsakaicin jari, wanda zai sayi fili mai ƙafa 50 faɗi 100 tsawo, ya tsaga shi biyu, ya tayar da gida biyu cikin 'yan watanni, ya damƙa wa dillalai. Duk da bambancin ƙarfinsu, tallarsu ɗaya ce: ɗaki uku kowanne da banɗakinsa, falo biyu, tayil har bango, silin mai ado da fitilu masu launi, ƙofar ƙarfe 'yar waje, rufi mai tsini da ake hangowa daga titi. Duk abin da aka lissafa abu ne da ido ke gani a ziyarar minti goma, ko a bidiyon da dillali zai tura ta WhatsApp. Abubuwan da za su sa a ji daɗin zama ko a sha wahala shekara ashirin, wato takarda da ruwa da iska da sutura da hanyar da ruwan sama zai bi, ba su fitowa a bidiyo.

Me ya sa magini bai daina ba, tunda kowa na ganin ana fasawa? Saboda masu saye ma iri biyu ne, kuma wanda ya fi saurin biya ba shi ne zai kwana a gidan ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, duk mai kuɗi a hannu ya shiga neman inda zai adana su kada su narke. Gida da fili su ne ma'ajiyar da Bahaushe ya fi yarda da ita. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa, ko ma'aikacin da ke Saudiyya ko Ingila, zai sayi gida bai taka cikinsa ba, ya kulle ko ya zuba 'yan haya, yana jiran farashi ya ɗaga. Irin wannan mai saye tambayarsa unguwa ce da fuska da nawa za a saya nan da shekara biyu. Shi yake biyan kuɗi lakadan, don haka shi ake yi wa zane. Malamin makarantar da ya haɗa giratutinsa da kuɗin gonar gado don ya raba iyalinsa da haya, sai dai ya zaɓa daga cikin abin da aka gina wa wancan.

Shi wannan na biyun, tambayarsa ta farko takarda ce, kuma yana da hujja. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da filin da ke da shaidar mallaka sai da amincewar gwamna. Amma unguwanni da yawa da suka tashi a gefen Kano awon igiya ne: gona ce aka yanka, takardarta ta mai unguwa ce da shaidu, ba ta bi ta ma'aikatar ƙasa ba, kuma hukumar tsara birni ba ta sa hannu a zanen ginin ba. Ana zaune lafiya a irin waɗannan wurare shekara da shekaru, har ranar da za a zo fitar da titi ko wani magaji ya ɓullo da ƙarar cewa an sayar da gonar ba da saninsa ba. Rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, wanda ya shafi shagunan Filin Idi da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, ya ƙara wa mutane wani darasi mai ɗaci, cewa ko takardar da wata gwamnati ta bayar, wadda ta gaje ta tana iya cewa ba bisa ƙa'ida aka bayar ba. A Abuja kuma an soke takardun dubban filaye a 2025 saboda bashin kuɗin ƙasa. Shi ya sa mai saye na yau ba ya tsayawa a kan "akwai takarda". Yana so ya san sunan wa ke kai, da can filin mene ne, ko makabarta ce ko filin makaranta ko hanyar ruwa, ko an biya kuɗin ƙasa, kuma a rukunin gidaje, ko kowane gida zai samu tasa takardar ko kuwa guda ɗaya ce a aljihun kamfani, wadda wataƙila tana banki a matsayin jingina. Wannan tambaya ta ƙarshe mutane kaɗan ne suke yi, alhali ita ce ta fi hatsari.

Daga takarda sai ruwa. Matatun Challawa da Tamburawa ba su kai bututunsu yawancin sababbin unguwannin Kano ba, haka ruwan madatsar Usuma bai wadatar da garuruwan da suka kewaye Abuja ba. Saboda haka kowane gida hukumar ruwan kansa ne. Magini zai sa banɗaki huɗu, kowanne da masai na zamani da shawa, ya ɗora tanki a sama, ya bar maganar abin da zai cika tankin. A ƙasar Kano kuwa dutse ne a ƙarƙashin wurare da dama. Wani layin a samu ruwa a kusa, layin bayansa a haƙa sau biyu a tashi a tutar babu, wata rijiyar kuma ta yi ruwa da damina ta ƙafe a watan Maris. Iyalin da suka tare a irin wannan gida sai su koma hannun 'yan ga-ruwa, kura bayan kura, ana hawa da jarka ana juyewa a bokiti a cikin banɗakin da aka ƙawata da tayil. Mai saye mai wayo ba dillali yake tambaya ba. Yana zagawa layin da safe ya ƙirga kurar ruwa nawa ke shiga, ya tambayi mai shagon bakin layi ko rijiyoyin unguwar suna kai bazara.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan, wadda ba a cika magana a kai ba. Masana lafiya kan ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fili mai ƙafa hamsin-hamsin wajen mita 15 ne kacal a kowane gefe. Ke nan ko da mai gida ya kai rijiyarsa wannan kusurwa ya kai sokawe waccan, tazarar ba ta cika ba, balle ga na maƙwabci a jikin katanga ta hagu da ta dama da ta baya. Unguwa guda sai ta zama rijiya da rami, rijiya da rami, a jere. Wanda ya gina rukunin gidaje yana da damar da mai gida ɗaya ba shi da ita: ya haƙa rijiya mai zurfi guda ko biyu nesa da ramuka, ya kafa babban tanki, ya ja bututu zuwa kowane gida. Kuɗin da hakan zai ci bai kai jimillar abin da masu gidajen za su kashe ɗaya bayan ɗaya ba, kuma ruwan ya fi tsabta. A ganina rukunin da ya yi wannan kaɗai ya cancanci ƙarin farashi fiye da wanda ya shigo da ƙofofi daga Turkiyya.

Maganar wuta ta canza gaba ɗaya a 'yan shekarun nan. Da can mai saye kan tambayi ko layin yana samun wuta, sai ya tanadi janareta. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, janareta ya zama na kunnawa awa ɗaya a tura ruwa sama a kashe. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, sai ga shi unguwar da ta fi samun wuta ita ce ta fi jin jiki wajen biya. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wutar. Yanzu tambayar ita ce ina za a ɗora sola. Nan ma sai a tarar rufin da aka yi don ado ya zama cikas: ya yi tsini da yawa, an kakkarya shi kusurwa-kusurwa, babu shimfiɗar da za ta ɗauki faranti shida a jere. Ba a ware wurin ajiye batir mai iska ba, ba a raba wayar fitilu da fanka daga ta hita da dutsen guga ba, sai mai haɗa sola ya zo ya bi bango da sababbin wayoyi a fili. Raba wayar nan tun ana gini kusan ba ya cin komai.

Amma tushen matsalar wuta zafi ne, domin gidan da aka gina sai da na'urar sanyaya ɗaki za a iya kwana a ciki ya ɗora wa mai shi harajin da ba ya ƙarewa. A watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, na Sakkwato da Maiduguri ya wuce nan. Dubi yadda ake gina sabon gida: bulo mai rami wanda rana ke ratsawa, kwano a sama yana gasa iskar da ke cikin silin, tagar gilashi mai zugewa wadda ko an buɗe ta duka rabinta ne a buɗe, ɗaki mai taga a bango ɗaya tak ta yadda iska ba ta da mafita, katanga mai tsawo taku biyu daga tagar, harabar gida an malale ta da siminti ba a bar ramin darbejiya ko ɗaya ba. Da ƙarfe goman dare bango yana mayar da zafin da ya sha tun safe. Soron kakanninmu mai kaurin bango da rufin azara ya fi wannan sanyi nesa ba kusa ba, kuma yana da tsakar gidan da ake shimfiɗa tabarma a kwana da bazara. Ba ina cewa a koma ginin tubali yadda yake ba, kowa ya san wahalar yaɓe duk shekara da fargabar ruwan Agusta. Sai dai akwai hanya a tsakani, kuma an gwada ta a kusa da mu. A Yamai, gidajen da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016 kuma Mariam Kamara na cikin waɗanda suka zana su, an gina su da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, benaye ne masu tsakar gida da inuwa da mashigar iska, a kan ƙaramin fili. A nan kam dole a faɗi laifin mai saye: da yawa daga cikinmu idan aka ce gidan ƙasa ne, ko ya fi sanyi ko ya fi araha, sai mu ga kamar an mayar da mu baya. Magini ya san haka, shi ya sa ba ya kasada.

Inda zanen sababbin gidaje ya fi kauce wa rayuwarmu shi ne tsarin ciki. A bi wata ziyarar duba gida a gani. Dillali ya buɗe ƙofar falo ya kunna fitilun silin, yana cewa, "Alhaji, dubi aikin nan, ko a Abuja sai an tona." Maigida yana gyaɗa kai yana ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa. Uwargida ba ta tsaya ba, ta wuce kicin, ta murɗa famfo, iska ta fito. Ta auna wurin da ido, ta ga in aka sa firji da buhun shinkafa mutum biyu ba za su gifta juna ba, kuma babu sito. Ta leƙa ta ƙofar baya ta ce, "Malam, ina ake shanya a gidan nan?" Ya ce, "Hajiya, ai ga fili nan a baya." Filin lungu ne da bai fi taku biyu ba, murfin sokawe ya cinye rabinsa. Ta dawo ta tsaya a tsakiyar falo ta dubi ƙofofin ɗakunan kwana uku da duk suke buɗewa cikinsa, ta ce, "To in Alhaji ya yi baƙi, ta ina ni da yara za mu wuce?" Dillali ya ce ai labule ake sawa.

Tambayarta ita ce tambayar da zaure ya amsa tun ɗaruruwan shekaru. Gidan Bahaushe a matakai yake: ƙofar gida, zaure inda baƙo namiji ke tsayawa, shigifa, sannan tsakar gida inda mata ke sakewa su yi girki da wanki da kitso ba mayafi, ɗakin samari kuma yana can wajen ƙofa. Zanen da ake kwafowa yanzu an yi shi ne don miji da mata da 'ya'ya biyu waɗanda baƙonsu ke sanarwa kafin ya zo. Gidanmu kuwa akwai ƙanin miji da ke karatu, akwai 'yar riƙo, akwai tsohuwa da za a ɗauko daga ƙauye in jiki ya yi rauni, wadda ba za ta iya hawa bene ba, akwai yiwuwar ƙarin aure. Akwai ranar suna da ranar zaman makoki, lokacin da mata hamsin za su cika gida a ɗora tukwane a kan murhu. Akwai ragon layya da ke buƙatar wurin ɗauri da wurin yanka da inda ruwan wankin kayan ciki zai bi. Ko a ranar da ba taro, tun da gas ya yi tsada gidaje da yawa sun koma gawayi, kuma ba a hura gawayi a kicin mai silin ɗin roba. Mai saye yana neman ƙofa biyu, ta baƙi da ta iyali. Yana neman falon maigida da banɗakinsa a ware, da wurin alwala, da masan da bai fuskanci alƙibla ba, da fili ko yaya yake wanda sama ke buɗe a kansa kuma idon waje ba ya kaiwa. Wannan na ƙarshe benaye suna kashe shi. Mutum ya sayi gidan ƙasa-ƙasa saboda tsakar gidansa, bayan shekara maƙwabci ya tayar da bene ya saka taga tana kallon madafar matarsa, shi ke nan tsakar gida ta tashi daga aiki, sai a rufe ta da kwano, gidan ya ƙara zafi da duhu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wadda ta fi kowa daɗewa a cikin gidan ita ce ba a tambaya. Mai zane namiji, magini namiji, dillali namiji, mai biya galibi namiji, kuma sau da yawa sai an gama ciniki ake kai ta ta gani. Da masu gina rukunin gidaje za su zaunar da matan aure goma su nuna musu zane kafin a haƙa harsashi, da rabin fashe-fashen da ake yi bai taso ba.

Sannan gida a wurinmu abu ne mai girma tare da iyali. Uba ya gina ɗaki biyu, yaro ya isa aure a fitar masa da sashe, a yanki shago a gaba don cefane. Bayan rai ya yi halinsa kuma a raba gado, wani ya ɗauki sashen gaba wani na baya a tsaga ƙofa. Gidan da ya cinye filinsa kaf, ko rukunin da dokarsa ta hana ƙara ko bulo ɗaya, ya toshe wannan hanya. Haka fulat a hawa na uku: ba a faɗaɗa shi, ba a tsaga shi tsakanin magada goma sha biyu sai dai a sayar, kuma mai shi ba ya jin yana da ƙasa. Wannan ne ya sa ɗan Arewa zai zaɓi gida mai ɗaki biyu da sauran fili a kan mai ɗaki huɗu da ya cika katanga zuwa katanga. Ko gidajen Shagari na farkon shekarun 1980, wanda ya bi ta cikinsu yau da ƙyar zai gane ainihin zanen, saboda kowa ya ƙara abin da rayuwarsa ta nema. Filin da aka bari a jikinsu shi ya sa suka rayu.

Duk kyan gida, unguwa ce ke riƙe shi. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a bakin Kano tsakanin 2011 da 2015 suna da tituna da tsari da sararin da ba a samu a cikin gari, amma gidaje da yawa a cikinsu sun shekara da shekaru a kulle, har a 2025 gwamnatin jihar ta ba masu su wa'adin su tare ko su rasa su. Dalilan suna da yawa, ciki har da taƙaddamar siyasa da ta kuɗin 'yan fansho, amma akwai wanda ya shafi maganarmu kai tsaye: da yawan masu sayen don ajiya suka saya, mai son zama kuma ba ya tarewa inda ba maƙwabta, ba makarantar yara da Islamiyya a kusa, ba kasuwar cefane, kuma kuɗin mota zuwa wurin aiki ya ninka. Kowa na jiran wani ya fara. Tsaro ma ya shiga lissafin, musamman tun da masu garkuwa da mutane suka riƙa shiga unguwannin gefen Kaduna da na yankin Bwari a Abuja. Gida na ƙarshe a layi, wanda bayansa daji ne, yanzu shi ne na ƙarshen sayuwa komai arharsa.

Ruwan sama kuma ba ya duba fenti. A watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje fiye da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe a Abuja, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Mutanen Maiduguri sun ga abin da ya fi haka a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. A ƙananan unguwanni abin ba ya kai labarai, amma kowace damina ana yinsa: an cike kududdufi da shara da ɓaraguzai an yi gini a kai, babu kwalbati, kowa ya ɗaga dandamalin gidansa ya tura wa na ƙasa da shi ruwa. Bayan damina biyu sai danshi ya hau bango, fenti ya kumbura, tayil ya fara ƙara in an taka, tsaga ta fito daga kusurwar taga.

Tsagar nan tana da alaƙa da farashin siminti. A farkon 2024 buhu ya tashi daga wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wasu wurare, rodi ma ya bi sahu. Mai ginin sayarwa ba zai iya rage tayil ba tunda shi ake gani, sai ya rage inda ba a gani: buhu ɗaya a matsa shi ya fitar da bulo fiye da ƙima, a sa rodi siriri a inda mai kauri ya kamata, harsashi ya zama taɓa-ka-lashe, a ƙi shimfiɗa ledar hana danshi, a sa wayar wuta mai arha da ke zafi in an kunna dutsen guga. Sayen irin wannan gida tamkar sayen riga ne saboda aikin wuya ba a murza yadin ba. Su kansu dillalai sun san da haka, shi ya sa in suna son ɗaga farashi sai su ce, "Wannan mai shi don kansa ya gina, matsuwa ce ta sa zai sayar."

Ta fuskar biya kuwa, abin da mai saye ke so shi ne lokaci, kuma shi ne ya fi wuyar samu. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, yana ba da rance a kan ruwan kashi 6 har zuwa shekara 30, amma ya fi sauƙin samu ga mai takardar albashi, kuma sai gida mai cikakkiyar shaidar mallaka, wanda hakan ke wahalar da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, ya kuma fitar da duk gidajen awon igiya. Bankunan kasuwanci ba a ma maganarsu, tunda Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ga kuma mutane masu yawa da ko ruwan kaɗan ne ba za su taɓa ba saboda haramcin riba. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun buɗe ƙofa, sai dai wa'adinsu da abin da suke nema a fara ajiyewa sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Abin da ya rage shi ne biya kaɗan-kaɗan ga kamfani tun gida yana zane, inda mai saye ke ɗaukar kasadar a tsaya da aiki ko a ce masa kaya sun tashi sai ya ƙara.

Wannan duka ne ya sa sayar da gida ba a ƙarasa ba yake samun kasuwa, musamman a Abuja: kamfani ya yi harsashi da bango da rufi, ya kawo titi da kwalbati da wuta, ya bar wa mai saye tayil da silin da ƙofofin ciki. Mai saye yana ganin bulo da rodi da idonsa kafin filasta ta rufe su, yana iya matsar da ƙofa ko ya ware falon baƙi ba tare da ya fasa abin da ya biya ba, kuma yana ƙarasawa gwargwadon aljihunsa. Wanda kuma ya fi son gamammen gida, abu biyu ne ke kare shi. Ya je duba gidan a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ya shiga da maginin da ya yarda da shi a leƙa cikin silin a duba gindin bango. Sannan a rubuta a takardar ciniki, gaban shaidu, cewa wani kaso na kuɗin zai zauna har damina ɗaya ta wuce, in rufi ya yi yoyo ko bango ya tsage a gyara daga ciki. Masu sayarwa da yawa za su ƙi wannan sharaɗi saboda akwai mai biya lakadan a bayanka, amma a unguwannin da gidaje suka yi shekara da allon sayarwa a jikin get, mai saye yana da bakin da zai nema.